Shaidar Uba a Kan Ɗansa: Gaskiya da Rufin Asiri a Takardar Shiga Makaranta

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya sanya 'ya'ya amana a hannun iyayensu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban Halitta, Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaida da gaskiya da riƙon amana tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka. Idan damina ta ja baya, gero ya nuna a gonakin Karakara, wata hidima kan taso wa gidaje da yawa tare da hidimar girbi, wato komawa makaranta. Yaron da ya gama aji huɗu na kwalej, ya zauna jarrabawar BEPC, yana da sauran shekara uku na lise a gabansa kafin jarrabawar BAC. Wani gwamnati ta ba shi gurbi. Wani bai samu ba, ko ya samu a inda hankalin iyayensa bai kwanta ba, ko kuwa tun a baya an sallame shi daga makarantar gwamnati saboda yawan maimaita aji. Iyayen irin waɗannan yara su ne ke neman makarantar kuɗi a Gaya ko Dosso ko Yamai, wasu ma su tsallaka iyaka zuwa jihar Kebbi ta Najeriya.

A can za a miƙo wa uba takarda, ko a zaunar da shi gaban darakta, a jero masa tambayoyi. Yaushe aka haifi yaron? Wace makaranta ya baro, kuma me ya fitar da shi? Ya taɓa maimaita aji? Yana da wani ciwo? Mene ne sana'ar mahaifinsa? A gidan wa zai zauna? Yaya halinsa yake? A ƙarshe a ce ya sa hannu, ko ya dangwala yatsa.

Mutane da yawa na ɗaukar wannan takarda a matsayin shinge da za a tsallake ta kowace hanya. Mutumin da ba zai taɓa yin ƙarya a ƙofar zawiya ba, sai ya yi ta a nan hankali kwance, domin a ganinsa takarda ce ta boko, da Faransanci aka rubuta ta, kuma wanda zai karanta ta baƙo ne. Amma abin da aka nema daga gare shi shaida ce. An tambaye shi abin da ya sani, za a gina hukunci a kan amsarsa, kuma hukuncin zai shafi ɗansa da 'ya'yan wasu. Mala'ikun da ke rubuta ayyuka ba su ware harshe ba, ba su kuma ware ofis daga masallaci ba.

Nauyin shaida

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bakrata cewa Manzon Allah (SAW) yana lissafa wa sahabbai mafi girman zunubai yana kishingiɗe, ya ambaci shirka da saɓa wa iyaye, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka tausaya masa. A Suratun Nisa'i kuma Allah Ya umarci muminai su tsayar da shaida saboda Shi, ko da a kan kawunansu ne ko iyayensu ko danginsu na kusa. An ambaci dangi ne domin a nan ne ƙafa ta fi zamewa. Faɗin gaskiya a kan ɗan wani abu ne mai sauƙi. Wahalar tana ga wanda aka tambaya game da ɗan cikinsa, alhali ya san gaskiyar tana iya rufe wa yaron ƙofa.

A ɗauki batun shekaru. A ƙauyuka da yawa ba a yi wa yara takardar haihuwa a kan lokaci ba, sai daga baya a je kotu da shaidu a karɓi takardar da ke maye gurbinta. Uban da bai riƙe ranar ba, ya yi ƙoƙari ya kirdada da daminar da aka yi kaza ko shekarar da wane ya rasu, babu laifi a kansa ko da ya kuskure, domin iyakar saninsa ya faɗa. Wanda kuwa ya san ɗansa shekara 19 gare shi, ya je ya yanke uku da gangan, ya ɗauki maƙwabta su tsaya masa shaida, wannan ya yi ƙarya, ya kuma jawo bayin Allah cikinta. Takardar za ta bi yaron zuwa jarrabawa da katin ɗan ƙasa da ɗaukar aiki da ranar ritaya. Duk lokacin da aka tambaye shi ranar haihuwarsa zai maimaita abin da ubansa ya ƙirƙira, har ya manta cewa ƙirƙira ce.

Haka batun takardar sakamako. A Nijar ana auna maki a kan 20, kuma 10 ne matakin wucewa. Uban da ya nemo wanda zai mai da 7 ta koma 12 yana ganin gata ya yi wa ɗansa. Abin da ya yi kuwa shi ne ya ɗora wa yaro kayan da wuyansa bai kai ba. Za a sa shi ajin da ba zai gane karatun ba, ya zauna shekara guda yana kallon allo, malamai su ɗauke shi malalaci, shi kuma ya ɗauki kansa daƙiƙi, alhali abin da yake bukata shi ne ya koma baya da aji ɗaya ya cike giɓin. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, kuma a nan ranar BAC ce ake zuwa neman 'ya'yan. Wannan ya yi kama da mai sayar da hatsin nan da Annabi (SAW) ya tura hannu cikin tsibinsa a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya tsawatar masa a kan algus.

Mai rubutawa ma yana da nasa rabo. Iyaye da yawa ba su karanta Faransanci, sai su nemi wani ɗan boko ya cika musu takardar. Idan ya san abin da ake shifta masa ƙarya ne ya rubuta, ya yi tarayya a ciki. Idan kuwa shi ne ya ce, "Baba, bari in gyara maka, haka kowa ke yi," to shi ya buɗe ƙofar. Haka muƙaddami ko limamin da aka zo wa don ya yi wa yaro magana wurin mai makaranta. Ceto abu ne mai lada, amma ya tsaya ga abin da ya sani. Ya ce ya san gidan, ya san uban mutumin kirki ne, ya roƙi a duba yaron da idon rahama. Kada ya shaidi hazaƙar da bai gani ba.

Ina rufin asiri ya tsaya?

A nan mai hankali zai kawo tambaya, kuma tambaya ce mai ƙarfi. Ashe ba addinin nan ne ya yi umarni da suturta Musulmi ba? Ashe ba an yi wa mai rufa asirin ɗan'uwansa alkawarin Allah zai rufa nasa ba? Idan baƙo yana da wannan haƙƙi, ɗa ya fi cancanta. To yaya za a ce uba ya zauna gaban wanda bai sani ba ya zazzage aibin ɗansa?

Ba a ce ya zazzage ba. Rufin asiri da ƙarya abubuwa biyu ne mabambanta: na farko kame baki ne daga abin da mai tambaya ba shi da haƙƙi a kansa, na biyu kuwa faɗin abin da ba haka yake ba. Yaron da ya taɓa yin wani kuskure tsakaninsa da Ubangijinsa, ya tuba, abin ya wuce, kuma babu wanda zai cutu da rashin saninsa, ubansa ba shi da izinin tona shi ko da ba a hana shi ba. Makaranta ba wurin hisabi ba ce. Wasu iyaye, cikin fushi ko neman a ce su masu gaskiya ne, sukan tsaya gaban darakta su yi wa yaro tonon silili yana tsaye yana ji. Wannan cin mutunci ne, kuma yaron zai shiga sabuwar makaranta da tambarin da ubansa ya buga masa.

Ma'aunin shi ne a duba wanda zai cutu. Malamai sun halatta ambaton aibin mutum ga wanda ya nemi shawara a kan abin da ya shafe shi, suna kafa hujja da Faɗimatu 'yar Ƙais, wadda ta shawarci Annabi (SAW) game da mutum biyu da suka nemi aurenta, ya gaya mata abin da ke ga kowannensu gwargwadon bukatarta, bai ƙara ba. Idan yaro yana shan ƙwaya har yanzu, ko yana da ɗan hali bai daina ba, kuma za a haɗa shi ɗaki da 'ya'yan mutane, to waɗancan yaran suna da haƙƙi, iyayensu ma sun ba da amana. Idan an tambaya kai tsaye ko an taɓa korarsa, ba ya halatta a ce a'a. Uba yana iya barin gurbin a takarda, ya nemi ganin darakta su biyu, ya ce, "Ranka ya daɗe, an sallame shi, ga dalili a taƙaice, ga kuma matakin da aka ɗauka a gida." Da haka ya tsira da gaskiyarsa, ya kuma tsare mutuncin ɗansa daga bakin jama'a.

Batun ciwo ya fi kowanne tsanani. Iyaye kan ɓoye farfaɗiya ko sikila ko asma, musamman ga 'ya mace, don tsoron kada maganar ta bazu ta hana ta miji. Tsoron yana da tushe, domin bakin mutane ba shi da linzami. Amma yaron da zai bar Karakara ya zauna a Gaya, a gidan mai masauki, a garin da ke bakin kogin Kwara, idan yana da farfaɗiya kuma ba wanda ya sani, wa zai hana shi bin abokai wanka? Yarinyar da ke da sikila, idan aka sa ta gudu da rana tsaka tare da sauran ɗalibai, wa za a zarga? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ma'abuta tarbiyya sun san wannan a kansu: muridin da ya ɓoye wa shehinsa cutar zuciyarsa ya hana kansa magani. Wanda aka damƙa wa yaro shekara uku yana bukatar ya san abin da zai kiyaye ransa da shi.

Wasu kan fake da cewa malamai sun yi sauƙi a kan zance mai harshen damo idan akwai lalura. Haka ne, amma sun taƙaita shi ga inda ba a danne haƙƙin kowa ba. Wuraren da aka yi rangwame a kansu a hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba su ne yaƙi, da sulhu tsakanin mutane, da zancen miji da mata. Takardar makaranta ba ta cikinsu.

Alkunya ma tana iya tauye shaida

Akwai wani ɓangaren da ba a cika lura da shi ba. Bahaushe ya tashi da alkunyar ɗa, musamman ɗan fari, wanda wasu iyaye ko sunansa ba sa kamawa. Ga kuma tsoron kambun baka. Saboda haka idan darakta ya ce, "Malam, me yaron nan ya iya?" sai uba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ba ya jin magana, sai dai ku yi haƙuri da shi," alhali yaron shi ke riƙe da lissafin gonar gidan, ya sauke Alƙur'ani, bai taɓa ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba.

Kunya ado ce, amma wannan amsa ita ma ba gaskiya ba ce. Mai shaida ba ya ƙari, ba ya kuma ragi. Tawali'u yana ga abin da mutum ya mallaka na kansa, ba shi da ikon yin tawali'u da haƙƙin ɗansa. Annabi Yusufu (AS), da bukata ta kama, ya gaya wa sarkin Masar cewa shi mai tsaro ne kuma masani, don a ba shi riƙon taskokin ƙasa. Uba yana iya faɗin alherin ɗansa gwargwadon yadda yake, ya haɗa da ambaton Allah da neman albarka, ba tare da alfahari ba. Idan nauyin baki ya hana shi, ya tafi da baffan yaron ko kawunsa ya yi bayani. Sau da yawa ma mahaifiya ce ta fi sanin yaron ciki da waje, don haka ya kamata a tambaye ta kafin a fita daga gida da takardar.

Gaskiyar da ke bayan harshe

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi bayani a cikin Ihya'u cewa gaskiya hawa-hawa ce har mataki shida. Ta harshe ita ce ta farko, sai ta niyya, sai ta azama, sai ta cika azamar, sai ta aiki, sai ta maƙamomin addini. Takardar makaranta tana taɓa da yawa daga cikinsu.

Sa hannu a ƙasanta alkawari ne na biyan kuɗi. Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a ƙarshen watan Yuli na 2023, mutane da yawa da ke ci daga zirga-zirgar iyaka sun ga samunsu ya ja baya. Wanda ya rubuta "ɗan kasuwa" don a gan shi da ƙima, ya sa hannu a kan kuɗin da ya san ba shi da hanyarsu, ya yi azamar da bai yi niyyar cikawa ba. Wanda zai ɗanɗana kuɗar shi ne yaron, ranar da za a kira sunansa a tsakiyar shekara a ce ya fita sai an biya. Da uban ya ce, "Ni manomi ne, ƙarfina sai an sayar da rake," da an san yadda za a tsara masa biya kashi-kashi, ko a gaya masa gaskiya tun da wuri ya nemi inda ya fi daidai da aljihunsa.

Sai gaskiyar niyya, wadda babu gurbinta a takarda. Me ya kai uba wannan makaranta? Idan amfanin yaron ne, madalla. Idan kuwa don ɗan wane yana can ne, kuma ana so a ji a majalisa cewa nasa ma yana can, to riya ce ta shigo ta ƙofar da ba a tsare ba. Riya ba ta tsaya ga sallah da sadaka ba, tana shiga har cikin abin da mutum ke yi wa 'ya'yansa. Mai lazimi da ke neman gafara sau ɗari da safe, sau ɗari da yamma, ya dace ya ware ɗan lokaci ya tambayi zuciyarsa wannan kafin ya hau mota zuwa Gaya.

Idan gaskiya ta jawo asara fa?

Wani zai ce kowa yana gyara takarda, mai gaskiya shi kaɗai zai dawo da ɗansa gida. Ba za a ɓoye ba, hakan tana iya faruwa. Ba a yi wa mai gaskiya alkawarin cewa kowace ƙofa za ta buɗe masa nan take ba. Ka'abu ɗan Malik, da ya ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira ba tare da uzuri ba, ya ga mutum tamanin da wani abu sun kawo uzurori an karɓi zahirinsu sun tafi gida. Shi ya faɗi gaskiya, sai aka ƙaurace masa dare hamsin, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, har ƙasa ta yi musu ƙunci. Bayan nan karɓar tubarsu ta sauka a Suratut Tauba, ana karanta ta har yau. Dare hamsin ɗin nan na gaske ne, kuma uban da aka mayar wa da takarda zai ji irin nasa. Abin da tawakkali ke nufi a nan shi ne ya yi duk sababin da ya halatta, ya roƙa, ya nemi mai ceto, ya gwada wata makarantar, ya yarda yaro ya maimaita aji, sannan ya sakankance cewa rabon da aka rubuta wa ɗansa ba ya bukatar saɓon Allah kafin ya iso.

Masu makarantu, waɗanda wasunsu 'yan'uwa ne a zawiya, suna da babban kaso a wannan. Idan duk wanda ya faɗi gaskiya aka kore shi, duk wanda ya gyara takarda aka karɓe shi, to makarantar ce ke koya wa iyaye ƙarya. Ya kamata su tambayi abin da suke bukata kawai, su riƙe abin da aka gaya musu a matsayin amana, kada ciwon yarinya ya zama hirar ɗakin malamai. Uban da ya zo ya ce ɗansa ya faɗi sau biyu ya cancanci a saurare shi fiye da wanda ya zo da takarda mai ƙyalli.

Darasin farko

Yawanci yaron yana tsaye a gefe lokacin da ake amsa tambayoyin nan. Ya san shekarunsa, ya san makin da ya ci, ya san abin da ya fitar da shi daga tsohuwar makaranta. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana ƙarami da alkawarin za ta ba shi wani abu, Annabi (SAW) yana gidan, ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino, sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Idan an kiyaye wannan a kan ƙwayar dabino, ina ga abin da saurayi ɗan shekara 16 ya ji da kunnensa daga bakin ubansa? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gobe idan ya shiga ɗakin jarrabawa da takarda a cikin safa, uban ba shi da bakin yi masa faɗa.

Masu tarihin Shehu Abdulƙadir Jilani sun ruwaito cewa lokacin da zai bar Jilan zuwa Bagadaza neman ilimi, yana ɗan shekara 18, mahaifiyarsa ta ɗinke masa dinari 40 a cikin rigarsa, ta kuma karɓi alkawari daga gare shi cewa ba zai yi ƙarya ba a kowane hali. 'Yan fashi suka tare ayarin a hanya, suka tambaye shi abin da ke gare shi, ya faɗa musu. Da shugabansu ya tambaye shi dalilin da ya sa ya tona kansa, ya ambaci alkawarin mahaifiyarsa, mutumin ya fashe da kuka ya tuba, jama'arsa suka bi shi. Ita ma uwa ce da ta tura ɗanta makaranta a wani gari mai nisa, kamar yadda uwaye ke yi a Karakara kowane watan Oktoba. Ta haɗa masa guzuri iri biyu, kuma ana iya haɗa wa kowane yaro na biyun ko da gidan ba shi da dinari ko ɗaya.

Allah Ya shiryi 'ya'yan Musulmi, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya sanya su sanyin idon iyayensu. Ya ba iyaye ikon sauke amana, Ya hore musu abin ɗawainiya ta hanyar halal, Ya rufa asirin kowa duniya da lahira, Ya tashi 'yan'uwa cikin ayarin masu gaskiya, albarkar Shugaban Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.